Me ya sa Linux ke tafiya lafiya a wata kwamfuta, ya ƙi a wata? Fashin baƙi daga teburin masu gyara a Yamai

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da yake bai wa Windows 10, masu kwamfuta da dama a Yamai suka shiga wani hali da ba kowa ne ya lura da shi ba. Injin yana tashi kamar yadda ya saba, takardu suna buɗewa, amma gyaran tsaron da a da yake zuwa wa kowa a kowane wata ya tsaya. Hanyar da kamfanin ya nuna ita ce komawa Windows 11, shi kuwa yana da sharuɗɗansa: yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel kusan ba ya karɓar duk wata ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, da ta girmi zubi na takwas. Kwamfutocin da ke hannun ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda, da waɗanda ke kan teburan masu buga takardu a kewayen Babbar Kasuwa, da yawansu na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su biyo ta Lome ko Kwatano ko Dubai ko Kano su iso nan, kuma ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba ko da yake suna da sauran ƙarfin aiki na shekaru.

Wannan ne ya dawo da sunan Linux bakin mutane, tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows da ake saukewa kyauta, wanda kowa ke da izinin duba yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya raba wa wasu. Amma idan ka kai maganar teburin mai gyara, amsar da za ka fi ji ita ce: "Malam, bar abin nan, ba ya ganin Wi-Fi, ba ya tafiya da firinta." Ba na ɗaukar wannan magana a matsayin rashin sani, domin mai gyaran ya faɗi abin da idonsa ya gani ne. Sai dai kalmar "ya ƙi" tana lulluɓe abubuwan da ba su haɗa hanya ba. Wani lokaci kamfanin da ya ƙera wani ɓangaren injin ne ya ɓoye sirrinsa, wani lokaci saitin da ke cikin injin tun kafin a kai ga Linux ne ya tare hanya, wani lokaci kilen USB da aka yi girkin da shi, wato ɗora Linux a kan injin, shi ne gurɓatacce, wani lokaci kuma injin ne da kansa yake ciwo ba a sani ba. Wanda bai rarrabe su ba zai ƙone forfen intanet da yini guda yana shafa magani a inda babu ciwon.

Kowane ɓangare na kwamfuta, katin Wi-Fi ne ko na hoto ko na sauti, yana da yarensa, kuma tsarin da ke tafiyar da injin ba ya iya magana da shi sai ta bakin tafinta. Tafintan nan shi ne ƙaramar manhajar da ake kira direba, wadda masu gyaranmu da suka yi karatu da Faransanci suka fi sani da pilot. A duniyar Windows, kamfanin da ya ƙera ɓangaren shi yake rubuta direban, domin ya san idan bai yi ba kayansa ba za su sayu ba. A Linux abin ya bambanta tun daga tushe. Tun bayan da Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da aikinsa a 1991, al'adar da ta kafu ita ce a shigar da direbobi cikin ƙwayar tsarin kanta, wato kanel, inda ake kula da su tare, kuma sabon kanel yana fita kusan kowane mako tara ko goma. Idan kamfani ya ba da bayanin yadda guntunsa ke aiki, ko ya sa injiniyoyinsa suka rubuta direba a buɗe kamar yadda Intel da AMD suke yi, sai ɓangaren ya kama aiki daga kunnawar farko ba tare da an sauke komai ba. Idan kuwa ya kulle bakinsa, sai dai masu sa kai su zauna suna lalube, suna aika wa guntun saƙo suna duba abin da ya mayar, har su gano yarensa, aikin da kan ci shekaru.

Daga nan ne wani abu ya fito wanda ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Tsohuwar kwamfutar ofis mai shekara takwas ko goma, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook da ake yawan gani a kasuwarmu, ita ce ta fi sauƙin karɓar Linux, domin direbobin kayan cikinta sun daɗe da shiga kanel, an gwada su an sake gwadawa, an toshe ɓarakarsu. Wadda ta fi ba da wahala ita ce sabuwa mai araha da ta fito daga kwali, wadda aka sa mata guntun da ya fi rahusa a lokacin da aka haɗa ta, alhali direbansa bai riga ya iso kanel ɗin da ke cikin kilenka ba. Wayar Android da ke aljihunka a kan kanel ɗin Linux take tafiya, kuma tun Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya da shi suke aiki, abin da ke nuna cewa a duk inda mai ƙera kaya ya hangi riba yakan yi aikin da ya kamata. Kwamfutar cinya mai araha ce ba ya ganin ribar wahalar da kansa a kanta.

Sunan da ke kan murfi kuma ba shi ne ke yanke hukunci ba. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗauke da katin Wi-Fi na kamfanoni daban-daban, ɗaya ta yi aiki nan take ɗaya ta ƙi. Haka abin yake ga ƙananan kilen Wi-Fi da ake sokawa a USB. Misalin da aka fi sani shi ne TL-WN722N na TP-Link: zubin farko yana ɗauke da guntun Atheros da Linux ya san shi sarai, amma zubi na biyu da na uku sun koma guntun Realtek, ga suna ɗaya, ga kama ɗaya, sai dai ɗan rubutun lambar zubi a jikin kwali. Shi ya sa matakin farko na bincike shi ne a tambayi injin abin da ke cikinsa. Umarnin lspci -nn, da ake rubutawa a tagar umarni ta Linux, yana jero kayan da ke haɗe a ciki, lsusb kuma na waɗanda ke kan USB, kowane da lambarsa kashi biyu, ta kamfani da ta na'urar. A jerin lspci, 8086 na Intel ne, 14e4 na Broadcom, 10ec na Realtek, 10de na Nvidia. Da wannan lamba ake neman magani. Wanda ya tambaya da sunan kwamfuta kaɗai zai samu amsoshi goma masu karo da juna, kuma kowace gaskiya ce ga injin wanda ya rubuta ta.

Wi-Fi ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka fi yanke ƙauna. Banda direba, katuna da yawa suna buƙatar wata manhaja ta biyu da ake loda wa guntun kansa duk lokacin da injin ya tashi, bari mu kira ta manhajar ciki. Ita mallakin kamfani ce, kuma shi yake yanke ko za a iya raba ta kyauta tare da tsarin. Tsofaffin katunan Broadcom, waɗanda suka yawaita a kwamfutocin cinya na shekarun baya, sun yi suna a wannan fanni: direban b43 da masu sa kai suka rubuta yana buƙatar manhajar ciki da sai an yanko ta daga direban kamfanin, ko kuma a ɗauki direban kamfanin da ke rufe, wanda ake kira wl. A 2010 Broadcom ya buɗe direba ga wasu sababbin guntayensa, amma tsofaffin sun ci gaba da zama yadda suke. Guntun Realtek RTL8821CE ya shiga kwamfutoci masu araha da yawa tun kafin direbansa ya shiga kanel, abin da bai faru ba sai a zubi na 5.9 a 2020. Ɗan'uwansa RTL8723BE kuwa matsalarsa ta fi ruɗarwa, domin yana ganin Wi-Fi amma sai an tsaya dab da akwatin, saboda wasu injinan igiyar eriya ɗaya aka saka musu, direban kuma yana saurare ta kafar da babu igiya. Layi ɗaya na saiti mai suna ant_sel yake gyara shi.

Abin da ya mayar da wannan matsala babba a wurinmu shi ne shawarar da aka saba bayarwa, wato a soka igiyar intanet a sauke direban. An rubuta wannan shawara ne ga mutumin da igiya ke jiransa a bangon ɗakinsa. A Yamai intanet ɗin mutane da yawa yana cikin waya ne, kuma hanyar da suka sani ta kai shi kwamfuta ita ce Wi-Fi ɗin da ya ƙi. Mafitar tana nan kusa ko da yake ba a cika faɗinta ba: a haɗa wayar Android da kwamfutar ta igiyar caji mai ɗaukar bayanai, a kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, Linux zai gan ta a matsayin katin sadarwa ba tare da wani ƙarin direba ba, daga nan a sauke abin da ya rage. A wannan gaɓar dole in yaba wa masu Debian, wani nau'in Linux da Ian Murdock ya kafa a 1993. Shekaru masu yawa sun ƙi saka manhajar ciki ta kamfanoni a faifan girkinsu na hukuma saboda aƙidar ƴancin manhaja, sai a 2022 suka kaɗa ƙuri'a suka sauya, kuma Debian 12 da ya fito a Yunin 2023 ya zo da ita. Ina girmama aƙidar, amma wanda ya fi ɗanɗana kuɗarta a da shi ne mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da hanyar intanet ta biyu, don haka a ganina sun yi daidai. Idan duk wannan ya faskara, katin Wi-Fi a tsofaffin kwamfutocin cinya abin cirewa ne, ana iya musanya shi da na Intel, sai dai a sani wasu tsofaffin ThinkPad da HP suna da jerin katunan da suka yarda da su, kuma sukan ƙi tashi idan aka saka baƙo.

Kafin ma a kai ga direba akwai kilen girkin, kuma ina da yaƙinin cewa wani kaso na laifin da ake ɗora wa Linux nasa ne. Faifan girkin Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, ya kai kusan giga 6, na Linux Mint kusan rabin haka. Sauke irin wannan da intanet ɗin waya da ke yankewa yana iya barin fayil da ya yi kama da cikakke alhali akwai ɓaraka a tsakiyarsa. Kowane tsari yana wallafa wata doguwar lamba ta tantancewa, SHA256, wadda idan aka lissafa ta fayil ɗin da aka sauke aka ga ba su dace ba, to babu amfanin ci gaba. Sannan akwai kile na jabu, wanda aka yi wa dabara ya riƙa nuna girman da ba shi da shi; yana karɓar fayil ba tare da ƙorafi ba, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ya ɓace, sai girki ya kai rabi ya tsaya da saƙon kuskuren da ba ya ambaton kile ko kaɗan. Manhajar f3 a Linux ko H2testw a Windows tana tona asirinsa. A nan lasisin Linux yana ba mu dama da ba mu cika amfani da ita ba, domin halal ne mutum ɗaya ya sauke, ya tantance, sauran masu gyara na layin su kwafa daga wurinsa, kuma da manhajar Ventoy kile ɗaya yana iya ɗaukar tsari uku ko huɗu a lokaci guda. Ga wanda batirin kwamfutarsa ya mutu kuwa, kada ya fara girki sai ya tabbatar da wutar da ba za ta ɗauke ba, domin ɗaukewar wuta a lokacin da ake sake yanka diski tana iya tafiya da bayanan da ke kansa.

Ƙofa ta gaba ita ce manhajar da ke tashin injin kafin kowane tsari, wadda har yau muke kira BIOS ko da yake a injinan da suka fito daga wajen 2012 zuwa yau UEFI ce ta maye gurbinta. Maɓallin zaɓen inda za a tashi ya bambanta, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, kuma a Acer sau da yawa sai an shiga saiti an kunna F12 ɗin tukuna. Injinan tsakiyar zamani suna iya tashi ta hanya biyu, tsohuwa da sabuwa, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne Windows yana zaune a kan ɗaya a girka Linux ta ɗayar. Girki zai ƙare lafiya, amma da an sake kunnawa sai injin ya wuce kai tsaye zuwa Windows kamar ba a yi komai ba. Secure Boot, wanda ya zo tare da Windows 8 a 2012, yana hana tashin duk abin da ba shi da sa hannun da injin ya amince da shi. Ubuntu da Fedora da Debian sun warware wannan da wata ƴar manhaja mai suna shim da Microsoft ya sa wa hannu, saboda haka ba dole ba ne a kashe shi. Inda ake tuntuɓe shi ne direbobin da ke wajen kanel, irin wl na Broadcom ko na Nvidia: lokacin girka su ana neman ka zaɓi kalmar sirri, bayan sake kunnawa sai wani shuɗin allo ya fito yana neman ka shigar da makullin injinka, mutane da yawa kuma sukan tsallake shi don ba su gane shi ba, daga nan direban ya ƙi lodawa. Akwai kuma injinan da suka zo daga kamfanonin waje da BIOS a kulle da kalmar sirrin da mai sayarwa ma bai sani ba, kuma wannan abin dubawa ne tun kafin a biya kuɗi.

Wani lokaci kilen yana tashi lafiya amma mai girkin ya ce bai ga diski ba. Sau da yawa dalilin shi ne an saita diskin a yanayin RAID ko Intel RST a BIOS, kuma sai an mayar da shi AHCI. Ga wanda zai share Windows gaba ɗaya wannan ba komai ba ne, amma wanda yake son riƙe duka biyun ya sani cewa sauya saitin kai tsaye yana hana Windows tashi, sai an fara shigar da shi yanayin kariya kafin a sauya. Haɗari mafi girma shi ne BitLocker, kullen da Windows ke yi wa diski, wanda a wasu injina yake kunne ba tare da mai shi ya sani ba. Taɓa saitin tashi yana iya sa ya nemi makullin ceto mai lambobi 48, kuma wanda ba shi da shi ya yi bankwana da takardunsa. Saitin saurin tashi na Windows, wato Fast Startup, shi ma yana barin diski a wani hali na rabin barci, sai Linux ya iya karanta fayiloli amma ya ƙi rubutu a kansu har sai an kashe wannan saiti. Masu tsari biyu za su kuma lura agogo yana kuskure da awa ɗaya daidai duk lokacin da suka sauya, saboda Linux yana ajiye agogon injin a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma a kan lokacin gida, Nijar kuwa tana gaban UTC da awa ɗaya. Umarni ɗaya yake daidaita su.

Sai ciwon da ke jikin injin kansa, wanda girki ke tonawa. Na taɓa yin yammaci guda a kan kwamfutar wani ƙanena ɗalibi, girki yana kaiwa wani wuri injin ya mutu, na sauya kile, na sauya tsari, abin bai sauya ba. Da muka buɗe ta sai muka tarar ƙurar hunturu ta dunƙule a bakin fanka ta toshe mafitar iska. Aikin yau da kullum na buga rubutu bai taɓa ɗumama ta har ta kashe kanta ba, amma girki yana sa ƙwaƙwalwa da diski aiki ba hutu na tsawon lokaci, kuma a watan Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke wuce digiri 40 injin da ba ya numfashi ba zai kai ƙarshe ba. Haka diskin da ya fara lalacewa yake ɓoye ciwonsa har ranar da aka rubuta masa giga da yawa a jere, sai a ce Linux ne ya kashe shi, alhali rahoton lafiyarsa na SMART da ana dubawa da an gani tun farko. Ƙwaƙwalwar RAM ana gwada ta da Memtest86+. Ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon injin, idan ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya, daga nan shafukan intanet su ƙi buɗewa saboda takardun shaidarsu, mai sabunta manhaja ma ya ƙi aiki, mutum ya ɗauka sadarwa ce ta lalace.

Batun katin hoto bai shafi yawancin injinan ofis ba, domin na Intel da na AMD direbobinsu suna cikin kanel. Nvidia ne ya daɗe yana wahalar da jama'a, har Torvalds ya fito fili a 2012 a Jami'ar Aalto ya kira shi kamfanin da ya fi ba su wahala. Alamar ita ce baƙin allo bayan an zaɓi tashi daga kile, kuma ana wuce ta da zaɓin hoto mai sauƙi da ke jerin tashin Ubuntu, ko da rubuta nomodeset, sannan a girka direban kamfanin daga baya. A Mayun 2022 Nvidia ya buɗe ɓangaren direbansa na kanel, amma ga katunan zubin Turing zuwa sama kawai, don haka tsofaffin da ke hannunmu ba su amfana ba. Injinan da suka tsufa ƙwarai, masu ƙwaƙwalwar bit 32, su ma ƙofa tana rufe musu: Ubuntu ya daina fitar musu da faifan girki tun 2017, Debian 13 na Agustan 2025 ma ya bar su, sai ƙananan tsare-tsare irin antiX. Mai RAM giga 2 ya nemi tsari mai fuska marar nauyi kamar Xfce ko LXQt, ya kuma sani cewa manhajar shiga intanet ce za ta cinye abin da ya rage, ko wane tsari ya ɗora.

Firinta ce wurin da nake ganin masu tallata Linux suka fi yin gaggawa, kuma nan ne abincin mutane yake. Firintocin da ke jin yaren PCL ko PostScript suna aiki ba wahala, sababbin da ke haɗuwa ta sadarwa kuma da yawansu ba sa ma buƙatar direba saboda ƙa'idar IPP Everywhere. Amma ƙananan firintocin leza masu araha an rage musu kuɗi ne ta hanyar cire musu ƙwaƙwalwa, aka bar wa kwamfuta aikin shirya shafi da yaren da kamfanin kaɗai ya sani. HP LaserJet 1018 da 1020 ba sa buga komai sai an loda musu manhajar ciki duk lokacin da aka kunna su, kuma sai an sauke ta daban a ƙara wa HPLIP, manhajar firintocin HP a Linux. Canon LBP2900 da danginta suna amfani da yaren CAPT, wanda direbansa na Linux tsoho ne, girka shi yana buƙatar haƙuri da sanin hanya. Na'urar da ta haɗa bugu da sikan tana iya bugawa ta ƙi sikan, domin ɓangarori biyu ne na tsarin suke kula da su, CUPS da SANE. Mai shagon da ke buga wa ɗalibai kundin kammala karatu ba shi da yinin da zai yi asara, kuma wanda ya share masa Windows kafin ya ga takarda ta fito daga firintarsa ta Linux ya cuce shi, ko da niyyarsa alheri ce.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu fiye da sauran wurare, ita ce allon maɓallai. A teburi ɗaya a kasuwa za ka ga AZERTY daga Faransa, QWERTY daga Amurka ko Dubai ko Nijeriya, har da QWERTZ daga Jamus. Wanda ya zaɓi harshen Faransanci a girki sai a ba shi AZERTY, ko da injinsa QWERTY ne, kuma idan ya rubuta kalmar sirri a haka, inda A da Q suka yi musaya, haka W da Z, M ya sauya wuri, lambobi kuma sai an danne maɓallin manyan haruffa, zai iya kulle kansa a waje tun ranar farko. Shuɗin allon Secure Boot da na ambata yakan karanta maɓallai a tsarin QWERTY, don haka ya fi kyau a zaɓi kalmar da haruffanta ba sa sauya wuri. A ɗaya gefen, Linux yana zuwa da tsarin maɓallan Hausa a cikinsa, mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, abin da ke da daraja ga duk mai rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kullum, sai dai an gina shi a kan QWERTY ne a ƙarƙashin Nijeriya da Gana, don haka mai injin AZERTY zai ga abin da ke fitowa bai dace da zanen maɓallansa ba.

Kusan duk abin da aka lissafa ana iya ganinsa kafin a taɓa diski, domin kilen Ubuntu ko Mint yana tashin cikakken tsari a kan RAM ba tare da ya girka komai ba. Mai sayen kwamfuta ya je da kilensa, ya nemi izinin mai kaya, ya tashi injin daga kai. Idan BIOS a kulle yake, nan take zai gani. Ya haɗa da Wi-Fi ɗin wayarsa ya matsa nesa kaɗan ya ga ko yana riƙewa, ya kunna sauti ta lasifika da ta abin kunne, ya buɗe kyamara, ya rage hasken allo ya ƙara, ya rufe murfin ya buɗe ya ga ko injin ya farka, ya duba rahoton SMART a manhajar diski, ya kuma ɗauki hoton abin da lspci -nn ya nuna. Mai firinta ya yi gwajin a shagonsa, da firintar a haɗe. Gwajin yana da iyaka, domin direbobin da ke wajen kanel ba sa nuna halinsu sosai sai bayan girki da sake kunnawa. Saboda haka ga wanda aikinsa ya dogara da injin, hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce a cire tsohon diskin da Windows da takardu ke kai a ajiye shi a aljihun tebur yadda yake, a saka ƙaramin diski na SSD a girka Linux a kansa, a yi aiki da shi mako biyu ko uku. Idan wani abu ya ƙi, kwance ƴan sukurori ne kawai a mayar da tsohon diskin wurinsa.